Jami'a uku sun kira 'yata: yadda muka zaɓi ɗaya

'Yan uwana mata, ni ce mai riƙe da littafin zubi a ƙungiyarmu, kuma an ce in rubuta abin da ya faru a gidana domin masu yara a sakandare su ƙaru. Yarinyar 'yar fari ce, ku yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba.

Shekarar da ta gama sakandare ta rubuta JAMB, kuma ba ta da wani buri sai aikin jinya. Mun yi ta roƙon Allah ya ba ta gurbi ko guda ɗaya ne. Sai ga uku cikin wata guda. Na farko daga jami'ar tarayya da ta cike a zaɓin farko, a wani babban birni mai tafiyar yini guda daga garinmu. Sun ɗauke ta, amma ba jinya suka ba ta ba, wani kwas ne na nazarin ƙananan ƙwayoyin halitta, wanda yara ke kira maikuro. Na biyu daga jami'ar jiharmu, tafiyar awa biyu: sunanta ya fito a jerin ƙari, digirin koyar da ilimin halittu, da sharaɗin ta je ta canja zaɓinta a wurin JAMB. Na uku wata jami'a ce mai zaman kanta. Su da kansu suka yi ta kiran wayar babanta, wai ga jinyar da take so, har da rangwame.

Ranar farko guɗa aka yi. Kwana uku bayan haka gidan ya koma kamar kasuwa. Kawunta ya ce babbar jami'a ba a yi mata musu, sunanta kaɗai ya isa. Babanta ya ce 'ya mace ba za ta yi nisa da gida ba. Ita kuwa ta kafe a kan jinya, ko a ina take. Ni ina gefe ina lissafin abin da ke cikin akwatin ƙungiya da sunana, domin na san a ƙarshe wurina za a zo.

Ba kowace takarda ce gurbi ba

Wannan wani malamin sakandarensu ne ya fahimtar da ni, Allah ya saka masa. Tun 2017 hukumar JAMB ta kawo wani tsari da ake kira CAPS, kuma ta nan kaɗai ake ba da gurbin da gwamnati ta sani, ko jami'ar tarayya ce, ko ta jiha, ko mai zaman kanta. Makaranta za ta tura sunan yaro, JAMB ta amince, sannan ya bayyana a shafin yaron na intanet. A nan zai danna ya karɓa ko ya ƙi. Gurbi ɗaya ake karɓa. In an danna an karɓa, an rufe ƙofar sauran na wannan shekarar. Kuma akwai wa'adi, ba a barin sa har illa masha Allahu.

Da muka duba, cikin ukun namu ɗaya ne kaɗai ya fito a CAPS, na jami'ar tarayya. Na jiha jerin suna ne a allon makaranta, na masu zaman kansu kuwa kiran waya ne. Kin ga ke nan ba uku muke da su a hannu ba, ɗaya ne da alkawari biyu. In da mun yi gaggawar ƙin na farko kafin mu tabbatar da na biyu, da mun saki reshe mun kama ganye.

Yaron da ya shiga makaranta ba ta hanyar CAPS ba, yana iya yin shekara huɗu lafiya lau, sai lokacin bautar ƙasa a ce babu sunansa a jerin JAMB. Saboda haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai “shigar” miki da yaro, ki ce masa sai kin ga sunan a shafin JAMB da idonki, ko da idon wanda kika yarda da shi.

Abu biyu kuma ƙanana da ke jawo kuka. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi, a adana shi, kada a bar shi ya mutu ko a ba wa ƙane ya ɓatar. Sannan lambar sirrin shafin, kada a bar ta a hannun mai shagon intanet. Yana iya danna karɓa da kyakkyawar niyya, yana ganin taimako ya yi, alhali ku ba ku gama shawara ba.

A fara tambayar kwas kafin sunan makaranta

Mu mutanen karkara suna muke ji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962 take, ga Bayero a Kano, ga Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk wanda ya ji waɗannan ya san an ambaci manya. Bayansu an buɗe sababbi na tarayya: Dutse, Dutsin-Ma da Kashere a 2011, Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, ban da na jihohi. Tsufan makaranta yana da amfaninsa, akwai gogaggun malamai da ɗakunan karatu da tsofaffin ɗalibai a ko'ina. Amma ranar neman aiki, abin da aka karanta shi ake fara dubawa.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ba makaranta kaɗai take amincewa da ita ba, kowane kwas sai ta tantance shi daban. Makaranta na iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu cikakkiyar amincewa ba. Wasu sana'o'in kuma suna da hukuma ta biyu. Jinya da ungozoma suna da majalisarsu, likitanci da tasa, injiniyanci da tasa, aikin lauya ma haka. Majalisar jinya da ta likitoci har ƙayyade wa makaranta suke yi yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In makaranta ta ɗebi fiye da haka, waɗanda suka yi rara su ke shan wahala wajen samun lasisi, kuma ba lasisi ba aiki.

Da wannan muka je wa masu kiran waya. Na sa yarinyar ta tambaye su: shin majalisar jinya ta amince da ku, ɗalibi nawa ta ba ku, kuma a wane asibiti yara ke koyon aiki? Suka ce kwas ɗin sabo ne, “ana kan hanya”. Wataƙila gaskiyarsu ne, wataƙila yanzu sun samu. Amma ni ba zan iya sa kuɗin shekara biyar a kan ana kan hanya ba. Akwai jami'o'i masu zaman kansu masu kyau, ba yajin aiki, yaro ya gama a kan lokaci. Sai dai kuɗin shekara ɗaya da suka faɗa mana, bayan rangwamen, ya fi abin da mata biyar a ƙungiyarmu suka kwasa a rabon bara. Wannan ta fita ke nan. Yarinyar ta yi kuka, ni ma na yi, a ɗaki.

Saura biyu. A nan ne muka kusa yin kuskure babba. Dukanmu mun ɗauka maikuro shi ne aikin gwajin jini da fitsari a asibiti. Kawunta har ya fara gaya wa mutane 'yarsa za ta zama “ta lab”. Ashe ba haka ba ne. Aikin ɗakin gwaji na asibiti kwas ne daban, na shekara biyar, da tasa majalisar mai ba da lasisi. Mai digirin maikuro ba ya samun wannan lasisin da digirinsa kaɗai. Kwas ne mai kyau, ana aiki da shi a kamfanonin abinci da magunguna da hukumomin ruwa da wuraren bincike, amma irin waɗannan wuraren a manyan birane suke, kuma masu nema suna da yawa. Sai na tambayi kaina, a ƙaramar hukumarmu wa zai ɗauke ta? Malamar kimiyya kuwa, sakandaren 'yan matan da ita kanta ta gama, shekararsu ta ƙarshe malamin lissafi ne ke haɗa musu da ilimin halittu.

Ita dabararta daban ce. Ta ce za ta shiga maikuro, in ta yi shekara ɗaya sai ta nemi canji zuwa jinya. Ana yin canjin kwas a wasu jami'o'in, gaskiya ne, amma sai da maki mai kyau kuma sai in akwai gurbi, jinya kuwa kowa ita yake so. Mun kira wata 'yar garinmu da ke aji uku a can. Ta ce cikin waɗanda suka shiga tare da wannan niyyar, ba ta san wanda ya samu ba. Shawarata, kada a karɓi kwas sai wanda in an maƙale a cikinsa har ƙarshe ba za a yi da-na-sani ba.

Lissafin da ba ya cikin takardar makaranta

Kuɗin rajista shi kowa ke tambaya, kuma sau da yawa ba shi ne mafi nauyi ba. Jami'o'in tarayya ba sa karɓar abin da suke kira kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗaɗen rajista iri-iri, kuma da yawansu sun ƙara su sosai a 2023, shekarar da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya tashi. Jami'o'in jiha yawanci suna sauƙaƙa wa 'yan asalin jihar, baƙi su biya fiye da haka, saboda haka takardar shaidar ƙaramar hukuma tana da daraja, a nemo ta da wuri.

Ni ba da naira na yi lissafina ba, da buhun masara na yi, domin naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Na ja layi biyu a bayan littafina, kowace makaranta nata. Na sa kuɗin karɓar gurbi da na rajista. Na sa wurin kwana. Na sa kuɗin mota zuwa da dawowa, aƙalla sau huɗu a shekara, ban da Sallah da rasuwa da rashin lafiya. Na sa abinci na kowane wata, da sabulu da audugar mata, da kuɗin buga takardun darasi, da katin waya, da wayar kanta, domin yanzu rajista da sakamako duk ta waya ake dubawa. Shekarar farko akwai katifa da bokiti da risho ko ƙaramin gas. Shekarar ƙarshe akwai kuɗin aikin bincike.

Abin da ya bambanta su shi ne abinci da mota. Makarantar kusa, duk mako biyu direban garinmu yana wucewa ta ƙofarta. Zan iya ba shi gari da wake da man gyaɗa da kuka da daddawa da yaji, abin da muke da shi a gida. Ta nesa kuwa komai sai an mayar da shi kuɗi an tura, a sayar da hatsi da arha a ƙauye a sayo shi da tsada a birni. Da na haɗa, ta nesa ta kusa ninka ta kusa.

Sannan a ninka da shekaru. Yawancin digiri shekara huɗu ne. Jinya, injiniyanci, aikin gona da aikin lauya biyar ne, likitanci shida. A kai kuma a ɗora shekarar ko-ta-kwana. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yara suna gida, amma mai gidan haya bai daina ƙirga watanninsa ba.

Yanzu ga inda ya shafe mu kai tsaye. A ƙungiyoyi irin tamu rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta zuba, kuma cikin wata uku ake biya. Karatun jami'a ba ya dawo da ko kwabo cikin wata uku. In kika ci rancen ƙungiya kika biya rajista, da me za ki mayar? Mun ga wadda ta yi haka, ta sayar da akuyar da take kiwo ta biya, shekara ta zagayo babu akuya babu kuɗin rajista, yaron ya zauna a gida. Abin da ya fi, rancen ya shiga sana'a, ribar sana'ar ta ciyar da ɗalibi wata-wata. Kuɗin rajista kuma ya fito daga rabon ƙarshen shekara, ko amfanin gona, ko dabbar da aka ware tun farko da sunan makaranta. Ni rance nake ci in sari gyaɗa in yi mai da ƙuli. Rago kuma ina kiwo don layya, sai dai ku lura, Sallah tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ranar rajista kuwa ba ruwanta da wannan. In kin sayar da rago kuɗin ya zauna a ɗaki wata huɗu, biki da suna za su cinye shi. Ni a zubi nake mayar da shi. Kuma mun roƙi ƙungiya aka matsar da ranar rabo ta zo kusa da lokacin komawa makaranta, tunda mu huɗu ne masu ɗalibai.

Asusun taimakon gaggawa na ƙungiya ba na wannan ba ne, na rashin lafiya da gobara da rasuwa ne. Kada a fara, in aka buɗe wa mutum ɗaya an buɗe wa kowa.

Akwai kuma rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ban da masu zaman kansu. Babu ruwa a kansa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman ɗan abin kashewa na wata. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ɗalibin da kansa yake nema ta intanet, da lambar JAMB da ta katin ɗan ƙasa da ta banki. Ku sa yara su nema, su nemi tallafin karatu na jiharsu ma. Amma bashi ne a wuyan yaron, ya san da haka. Kuma ni ban sa shi cikin lissafina ba sai ranar da ya shigo, saboda makaranta ba ta jiran kowa in ta rufe rajista.

Gani ya kori ji

Kafin a yanke, na ce sai na je na gani. Ta nesa ban iya zuwa ba, kuɗin motar kaɗai ya ba ni amsa. Ta kusa na je da ita ranar wata Talata. Ban je ofis ba, wurin kwanan 'yan mata na nufa. Na tambayi wata ɗaliba: ana ba sababbi gado a ciki ko sai haya a waje? Ku nawa ne a ɗaki? Ruwa fa? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa? In yarinya ta kwanta ciwo da dare ina ake kai ta? Na kuma tambaye ta abin da uwa ke jin nauyin tambaya: in malami ya matsa wa yarinya, akwai inda ake kai ƙara a saurare ta? Ta yi dariya tukuna, sannan ta ba ni amsa tsakani da Allah.

Maganar haya a waje ba ƙarama ba ce a wannan zamanin. An sha jin 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗalibai da ke bayan gari. Hanyar da yaro zai riƙa bi ma abin dubawa ce, ko ana bin ta da yamma, ko sai an yi sammako.

A kuma tambayi a wane reshe kwas ɗin yake, domin jami'a ɗaya tana iya zama a wurare da yawa. A Zariya akwai Samaru akwai Kongo, asibitin koyarwa kuma yana Shika. A Bayero akwai tsohon mazauni da sabo. In kina taƙama da 'yar uwa a gari za ta riƙe miki yarinya, ki san nisan gidanta da inda ake karatun, kada kuɗin adaidaita na kullum ya fi kuɗin haya.

Akwai abin da ban faɗa a gaban kawunta ba. Yarinya 'yar shekara 18, kafin ta gama shekara huɗu ko biyar, mai yiwuwa maganar aure ta taso. In makaranta tana kusa, ana iya yin auren a ci gaba da karatu, in an samu ƙaruwa ni zan riƙe jaririn. In tana da nisan yini guda, yawanci ɗaya ake bari, kuma mun san wanne.

Kada ku ɗauka cewa nake kusa ta fi nesa a kowane hali. Ma'ajinmu ɗanta ya samu injiniyanci a nesa da wani kwas da ba ya so a kusa. Ta tura shi nesa, yana zaune a gidan ƙanen babansa, yana gyaran waya a ranakun hutu. Da ni ce ma haka zan yi. Wata kuma 'yarta ta ƙi duk abin da aka ba ta, ta zauna shekara guda ta sake JAMB. Wannan ma hanya ce, in yaron na da naci kuma akwai mai duba shi. Akwai kuma kwalejojin jinya na jihohi, wanda mu ba mu waiwaya ba sai da lokacin cike takardarsu ya wuce. Wannan sakacin nawa ne, har yau yana ci mini rai.

Daren da za a yanke, na ajiye mata littafin a gabanta, layi biyun nan, na ce ta haɗa da kanta. Na ce mata, “Ke za ki yi karatun, ba ni ba. In kin zaɓi nesa, shekara biyu na farko na ga inda za su fito, na uku da na huɗu ban gani ba, kuma ƙannenki biyu suna tafe. In kin zaɓi kusa, in Allah ya ba ni rai da lafiya ba za ki dawo gida don kuɗi ba.” Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, “Inna, ai kin riga kin zaɓa.” Na ce ban zaɓa ba. Amma ban tabbata ƙarya ta yi mini ba.

Ba mu taɓa gurbin farko ba sai da babanta ya je jami'ar jiha ya ga jami'in ɗaukar ɗalibai ido da ido, aka tabbatar masa gurbin yana nan kuma za a tura sunanta. Sannan ta ƙi na farko, aka yi canjin a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Kwana goma sha ɗaya muka yi ba mu da gurbi ko ɗaya a hannu. Ban yi barcin kirki ba sai da sunan ya fito ta danna karɓa. Kawunta ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Yanzu tana aji biyu. Har yau in ta ga mai farin kaya sai ta bi ta da kallo, kuma ta ce in ta fara ɗaukar albashi za ta koma ta yi jinyar da kuɗinta. Na ce Allah ya sa. Jiya ta aiko direba da saƙo: garin ya ƙare, a haɗa da barkono, kuma in fara tanadi domin baɗi za a tura su koyarwar gwaji a wata makarantar ƙauye, za ta bukaci kuɗin mota na kullum. Na rubuta shi a bayan littafin, ƙasan layin nata.